Kunun Leda da Malam Ya Sha a Bankok

Tun da muka dawo ban huta ba. Duk wadda ta zo duba jikin Malam, da ta gama yi masa sannu sai ta juyo kaina: yaya ƙasar take, me suke ci, da gaske ne shinkafa a can banza ce? Na ba da labarin a falo, na ba da shi a kicin, na ba da shi a gidan suna a Ƙofar Wambai har abincina ya huce. To yau zan zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe, da daɗinsa da abin kunyar da na tafka a can, kowa ya karanta ya bar ni in sarara.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Hajara, tsohuwar malamar firamare, haifaffiyar Ƙofar Wambai a garin Bauchi, aure ya kai ni Ɗan Iya. Maigidana, wanda kowa ke kira Malam, ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Bara ne haɗiya ta fara yi masa wuya. Da farko tuwo ne ke tsaya masa a ƙirji, daga baya har ruwa sai ya yi dabara. Aka yi hoto, aka ce ƙari ne a hanyar abinci, sai an yi aiki. 'Ya'yanmu suka yi ta bincike har suka samo wani asibiti a Bankok, babban birnin Tailan, aka ce ni zan raka shi tunda ina jin Turanci daidai gwargwado. Ni kuwa iyakar sanina da Tailan shi ne sunanta a jikin buhun shinkafa.

Mata suka yi ta zuga ni, wai mutanen can kwaɗi da macizai suke ci. Ni da ma ba a taɓa ni a harkar girki, sai na cika akwati guda da garin gero, tsamiya, citta, kanunfari, barkono, kuka, daddawa da kilishi. Malam ya leƙa ya ce asibiti fa za mu, ba cin kasuwa ba. Na ce ya bar ni da abin da na sani.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Kano ta Ningi. An yi mini guzurin masa mai zafi, amma na kasa ci, don ina buɗe kwanon na ga Malam ya kau da kai yana kallon taga. Mutumin da ba ya karyawa sai da masa, yau ƙamshinta kawai yake iya sha. Na rufe na miƙa wa direba. Daga Kano jirgi ya kai mu Adis Ababa, inda na yi karo da matakalar nan mai tafiya da kanta. Na sa ƙafa ɗaya ta tafi, ɗayar tana ƙasa, ba don wata Bahabashiya ta riƙe ni ba da zanina ya ba ni kunya a ƙasar mutane. Malam, da rashin lafiyarsa da komai, dariya ya yi ta yi har muka hau jirgi na biyu.

A filin jirgin Bankok sai da aka fara duba katinmu na rigakafin shawara kafin a buga mana fasfo. Muna jan kaya sai ga wata ma'aikaciya da ɗan ƙaramin kare mai faffaɗan kunne, ya zo ya zauna daram a gaban akwatina. Na yi tsalle gefe ina tattare hijabi. Aka buɗe akwati, aka zaro kilishi, aka ce nama ba ya shiga ƙasar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda yarinyar ta karɓe shi. Haɗa tafin hannunta ta yi a ƙirji, ta sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri, har na rasa ta inda zan fara masifar da na shirya. Da ta kwance ƙullin daddawa na zaci guduwa za ta yi, sai ta shinshina ta yi murmushi, ta ce su ma suna da irinta a arewacin ƙasarsu. Ta mayar mini da komai ban da kilishin.

Garin kuwa sai wanda ya gani. Titi a kan titi, jirgin ƙasa yana wucewa ta saman kanka, motoci cunkus amma ba mai danna ham. Na ce wa Malam da 'yan keke napep ɗinmu na unguwar Wunti ne a nan da yanzu an daku. Zafinsu ba irin namu ba ne, mai ɗanko ne, kana fitowa daga wanka gumi ya karɓe ka. Na kama ɗan ɗaki kusa da asibitin, inda ake cire takalmi tun daga bakin ƙofa kamar masallaci, a banɗaki kuma ga ɗan famfon tsarki, butar da na sha wahalar ɗaukowa ba ta yi amfani ba. Mutanen ba su cika girki a gida ba. Mace da mijinta da 'ya'yanta za ta tsaya a bakin titi a ƙulla mata miya a leda, ba wanda zai ce ta gaza. Suna zuba sukari a miya, wannan kam har na taho ban yafe musu ba. Amma shinkafarsu idan tana dahuwa, ƙamshinta kaɗai ya ishe ka tsayawa.

A asibiti wata nas mai ɗan ƙaramin hijabi ta yi mana sallama tiryan-tiryan, na ji kamar na ga 'yar ɗakinmu. Sunanta Maryam, Musulma ce 'yar ƙasar, kuma ita aka ba kula da Malam. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Kwana takwas ana ba shi abinci ta wata siririyar roba da aka zura ta hancinsa. Ran na tara likita ya ce a fara gwada baki, amma da abu ɗaya tak. Maryam ta kawo wata leda mai kauri, a liƙe ruf, girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ta ce kunun shinkafa ne dafaffe, na shinkafar da aka noma ba takin zamani ba feshi, sai dai a tsoma ledar a ruwan zafi a yage a sha. Na tambayi yaushe aka dafa. Ta duba jiki ta ce wata uku ke nan, kuma ba a firji ake ajiye shi ba.

Nan fa bakina ya ja mana. Na juya na ce wa Malam da Hausa, kunun da na dama da safe kafin magariba ya yi tsami, to wane irin dafaffen abinci ne zai yi wata uku a kantar shago lafiya lau in ba magani aka ɗura masa ba? Na ce irin maganin da ake sa wa gawa ne. Malam kuwa a harkar abinci maganata ita ce magana. Ya rufe baki, ya ce ba ya sha.

Washegari na shiga ɗakina na dama masa kunun tsamiya na gaske, da citta da kanunfari da ɗan barkono, yadda ake yi wa marar lafiya a gidanmu don bakinsa ya washe. Na ɗura a fulas na ɓoye a ƙarƙashin hijabi. Bayan azahar, da na ga ba kowa, na tsiyaya masa. Ya riƙe kofin, ya shinshina, ya dube ni, sannan ya kafa kai. Bai kai rabi ba tari ya sarƙe shi, sai amai, sai na ga jini-jini a ciki. Na danna ƙararrawa, ma'aikata suka cika ɗakin, aka fitar da ni waje.

Da likitan ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cikin sanyin murya ya tambaye ni me na ba shi. Na miƙa fulas, ya buɗe, ya sa na lissafa masa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Allah ya taimaka ɗinkin bai ɓalle ba, amma wurin ya kumbura, an koma robar hanci. Za a bar shi ya huta, a sake gwada baki. In har zuwa Litinin ta sama bai iya ci ta baki ba, za su huda masa ciki su sa roba ta dindindin, da ita zai koma gida. Da na fassara wa Malam, ya ce shi ba zai shiga Bauchi ana zuba masa abinci ta ciki kamar ana zuba wa mota mai ba, gara a mayar da shi haka nan ya jira lokacinsa. Na san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Bayan kwana biyar kumburi ya sauka, aka sake kawo ledar. Malam ya datse baki. Na roƙe shi, na ce shirme na faɗa, ya manta da shi. Ya ce ba da baki na faɗa ba, da zuciya na faɗa, kuma har yanzu yana ganin abin a fuskata. Gaskiyarsa ne. Ina lallashinsa, amma ni kaina ko a bakina ba zan iya sa kunun ba. Maryam tana tsaye tana kallonmu, ba ta jin Hausa amma ta gane komai. A baranda ta tare ni ta ce gobe Asabar ba ta da aiki, kuma daga ƙauyensu asibitin ke sayen kunun, yayarta ce ma ke shugabantar matan da ke yi. Ta ce in zo in gani da idona.

Da sassafe muka hau ƙaramar bas, muka yi ta tafiya har benaye suka ƙare, sai kore shar iya ganinka, ruwa kwance a ko'ina. Daga bas muka shiga kwalekwale mai inji, ni da ban taɓa hawa ruwa ba, na riƙe Maryam na karanta duk abin da na haddace. Ƙauyen Musulmi ne, gidajen katako a kan dogayen ƙafafu, masallacinsu a bakin ruwa. Yayar tata, Amina, gajeruwa ce kakkaura, ta girme ni kaɗan, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Ta kama hannuna biyu ta shafa a fuskarta, ta ja ni sai gona.

Muna isa mijinta ya buɗe wani keji, sai ga agwagi sun fito, wallahi ban taɓa ganin agwagi masu yawa haka ba, a jere, ba mai korarsu, suka gangara cikin shinkafar kowace ta kama layinta. Na saki baki. Maryam tana fassara mini, Amina ta ce su ne ma'aikatansu. Su cinye dodon koɗi da ƙwari da ƙananan ciyayi, su bar shinkafa, kashinsu kuma ya zama taki. Da yamma a buga musu kwano su dawo da kansu. Na leƙa ruwan da ke gindin shinkafar, ga kifaye suna yawo, ga 'yan kwaɗi, ruwan garau har kana ganin ƙasa. Ta ce da can su ma feshi suke yi kamar kowa, har ruwan ya mutu, kifi ya ɓace, mahaifinsu mai goya tankin feshin ya kamu da ciwon ƙirjin da ya tafi da shi. Ranar da suka binne shi ta rantse ta daina. Shekarun farko amfanin ya ragu, maƙwabta suka yi ta yi musu dariya, sai a hankali ƙasar ta farfaɗo. Yanzu duk shekara akwai masu zuwa su ɗebi ƙasar da ruwan su auna kafin a yarda su sa tambarin shaidar noman da ba feshi a jikin leda.

Sai na tuna gonar Kawuna a Inkil muna yara. Bayan girbi yakan roƙi makiyaya su sauka da shanunsu a gonar su kwana biyu, shi ne takinsa na shekara. Mu da muka yi boko muka riƙa ganin rashin wayewa ne. Ga shi na tsallaka duniya na tarar da shi, har da tambari.

Daga gona aka kai ni inda ake dafawa, wani gini da bai fi aji biyu ba. Kafin in shiga sai da na wanke hannu har gwiwa, aka cire mini zobe, aka ba ni farin takalmin roba da hula a kan ɗankwalina. Wata ta ga lallen hannuna ta ɗauka ciwo ne, sai da Maryam ta yi bayani. Ciki tas, ko ƙuda ɗaya babu. Na tsaya a kan tukunyar na kafa ido, don ni maganin nake jira in ga an zuba. Aka wanke shinkafa, aka zuba ruwa, aka barbaɗa ɗan gishiri. Shi ke nan. Amina ta miƙo mini muciya mai tsawon taɓarya, na karɓa na yi ta juyawa har ƙwayar ta narke ta zama lumus. Aka ɗura a leda da zafinsa, inji ya liƙe bakin. Ban ga an ƙara komai ba.

Na kasa haƙuri, na ce wa Maryam ta tambayar mini ita, tsakaninta da Allah, ina maganin yake?

Amina ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ja ni gaban wata tukunyar ƙarfe mai kama da tankin ruwa a kwance, aka jera ledojin a ciki, aka ɗaure ƙofar da ƙarfi, aka sakar musu tururi. Ta ce zafin da ke ciki ya fi na tafasa nesa ba kusa ba, duk abin da ke sa abinci ya lalace a nan yake mutuwa, kuma tunda iska ba ta da hanyar shiga, wani sabo ba zai zo ba. Sannan ta ɗauko wata leda daga saman wata kanta, ta kumbura tim. Ta ce wannan da gangan suka tsira mata allura, suna ajiye irinta don koya wa sababbin ma'aikata. Ta ɗan matsa, warin da ya fito irin na kununa ne in ya kwana biyu. Shekara nawa na yi ina koya wa 'yan aji biyar darasin ƙwayoyin cuta, ina zana su a allo, amma ban taɓa kawo shi kusa da tukunyata ba.

Aka zuba mini a ɗan kwano na kai baki. Ba sukari, ba tsami, ba yaji, amma akwai wani ɗan zaƙi na shinkafar ita kanta, da ƙamshin sabuwar shinkafa ranar da aka casa ta. Yana sauka a maƙogwaro ba ka ma san ya wuce ba. Na shanye na miƙa kwanon a ƙara. Da rana muka ci abinci a tabarma, su suna sa wa nasu kunun citta da ƙwai da kifi. Na ce mu gyaɗa muke sa wa namu da sukari da tsamiya, suka dubi juna kamar na ce muna sa masa toka. Muna tashi na ga Amina ta durƙusa tana tsince ƙwayoyin shinkafar da suka zuba, ɗaya-ɗaya, ba ta bar ko guda ba. Bayan la'asar ta ba ni leda biyu daga tukunyar da na juya, da sauran ɗuminsu, ta ce a gaida mai jiki.

Ranar Lahadi da hantsi na tsoma ledar a ruwan zafi a gaban Malam, na yage, na juye a kofi. Na fara sha cokali uku yana kallo. Sannan na ɗebo na kai bakinsa.

"Kin gani da idonki?"

"Na gani, Malam. Shinkafa ce da ruwa da gishiri. Ni na juya ta da hannuna."

Ya daɗe yana duban fuskata, sannan ya buɗe baki. Ni da Maryam muka zuba wa maƙogwaronsa ido. Ya haɗiye. Muka jira tari, shiru. Na ba shi na biyu, na uku, har bakwai, ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Maryam ta fita da sauri kiran likita, ni kuwa na zauna a ƙasa ina hamdala. Da yamma ya sha rabin leda. Ranar Litinin likita ya ce a ƙara masa kwana uku a gani, ranar Alhamis aka zare robar hancin. Ba a huda masa ciki ba.

Da aka sallame mu, muna ɗakina ina haɗa kaya, na ci karo da ragowar garin geron a gindin akwati. Duk kwanakin nan ban iya ɗaga maganar ba. Na zauna a bakin gado na ce ya yafe mini, na kusa kashe shi da hannuna, wallahi ban san zai yi masa illa ba.

Ya ce, "Ni na sani, Hajara. Tun da na ji ƙamshin cittar na san zai ƙone ni."

Na ce to don me ya sha?

"Tun daga Bauchi kika ɗauko garin nan. Kina ƙasar da ba ki san kowa ba, ba ki jin yarensu, an karɓe mijinki an hana ki yi masa komai. Abu ɗaya ya rage miki da kika iya. In na ture kofin, da me zan bar ki?"

Na juya masa baya na ci gaba da ninke kayan da na riga na ninke, don kada ya ga fuskata.